Ka Kai Dabinon da Hannunka

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, wanda Allah Ya yi mana baiwar maƙwabtaka da shi.

Zuwa ga autana Yasir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa da sa albarka gare ka da maiɗakinka Huda. Allah Ya tsare ku a sama, Ya tsare ku a ƙasa, Ya kuma tsare ku a kan ruwa, don wannan tafiyar taku har da ruwa a ciki, kuma mu gidanmu ba mu saba da shi ba.

Ni nake faɗa, uwarka take rubutawa, tunda ita ce ta zauna a aji a Damagaram kafin Allah Ya haɗa ta da ni. Ka san hannuna bai san alƙalami ba, igiyar hawan dabino ya sani. Na ce ta sa takardar a shantarka, wato jakar tafiyarka, kada ka buɗe sai jirgi ya ɗaga. In idonka ya yi tuntuɓe a Hausar, ka karanta da ƙarfi, kunnenka zai gane. Na zaɓi takarda ne don ita ba a ce mata "tayyib, Abuya, tayyib", wato "to, Baba, to", ana danna jawwal, wayar nan ta hannu.

Ranar Juma'a da muke cin abinci na ce tunda hutunku a Indunusiya za ku yi shi, ka kai wa Hajji Basri kwalin dabino tsibirinsu. Ka ce mini da Larabcinka mai santsi, "Inshallah, Abuya, in lokaci ya bari. In bai bari ba, akwai masu kai saƙo har ƙofar gida." Na san wannan inshallah, ni ma na sha yi wa ubana irinta. To ka ji: ba dabino Hajji Basri yake nema ba. Alhazansu suna kai musu dabinon ajwa na Madina kowace shekara. Kai nake so ka je, da ƙafarka, ka miƙa masa da hannunka.

Bari in tuna maka ko wane ne shi, don ranar da na ba ku labarin kana kallon ƙwallo. Yana saurayi ya zo aikin hajji da mahaifinsa, suka sauka a gidan kakanka a unguwar Sih, nan Madina, lokacin muna ba alhazai ɗakuna. Tsohon ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Kakanka ne ya yi masa wanka, ni da Basri muka kama makara zuwa Baƙi'a. Ayarinsu ya tafi ya bar shi, ya zauna a ɗakina har wata shekarar, muna aikin lambu tare a Awali. Shi mai hawan kwakwa ne a garinsu, ni mai hawan dabino, kullum muna gardamar wa ya fi sauri. Ranar farko ya rungumi dabino babu igiya, kamar yadda yake yi wa kwakwa, ƙaya ta yi masa zane a ƙirji. Ya sauko yana cewa, "Itacenku ba shi da tarbiyya." Tun daga ranar muka zama 'yan'uwa. Da zai koma ya ce, "Bakur, na bar maka ubana." Tun daga nan ban taɓa shiga Baƙi'a na gaida kakanka ban gaida tsohonsa ba. Yanzu gwiwata ta ƙi, shi kuma idonsa ya fara dushewa. In mun kwanta dukanmu, wa zai san akwai igiya tsakanin gidan Sih da wancan tsibiri? Abin da nake tsoro ke nan, ba mutuwa ba.

Sau ɗaya na je wajensa, lokacin kana goye. Duk abin da zan faɗa maka game da tafiya a ƙasar ruwa, da jikina na koye shi, kuma jikin ya ji.

Kuskurena na farko, ban sanar da shi ina zuwa ba. Uwarka ta ce in aika takarda ta hannun alhazansu, na ce a'a, so nake in bayyana a ƙofarsa kawai in ga yadda bakinsa zai buɗe. Na riƙe sunan tsibirin a rubuce a bayan wani hoto, da kwalin ajwa a kafaɗa, na ce ai duniya hanya ce, mai baki ba ya rasa gari. Ashe can duniyar ba hanya ba ce, gutsattsarin ƙasa ne aka watsa a cikin teku, kowanne da nasa jirgin da nasa ranar. Da na sanar, da an tarye ni tun daga filin jirgi, da duk abin da zai biyo baya bai same ni ba. Uwarka ta ɗago kai yanzu ta ce, "Alhaji, shekara nawa nake jiran in ji wannan daga bakinka." Na ce ta rubuta abin da na faɗa, ban da fuska.

Da na sauka na ɗauki motar haya, na buɗe ƙofa na zauna a inda muke zama a nan, sai na ga sitiyari a gabana, direba yana tsaye a waje yana dariya. Su ta hagu suke tuƙi. Ka riƙe wannan in za ku tsallaka titi, ka kama hannun Huda ku duba ɓangaren da ba ku saba ba, sannan ku sake dubawa, don baburansu kamar fari suke fitowa. Kuma kada zuciyarka ta raya maka ka karɓi mota ka tuƙa da kanka. Ka ɗauki ɗan gari, ka zauna ka yi kallo.

Muka yi ta tafiya cikin kore, kore irin wanda ban taɓa sanin Allah Ya halicce shi da yawa haka ba. Ni da na tsufa ina lallaɓar ruwa daga gindin dabino zuwa gindin dabino, ga shi nan yana kwarara a gefen hanya ba mai kula shi. Sai kwalta ta ƙare. Haka kawai, Yasir, ta ƙare a bakin teku. Direba ya sauke kwalina, ya nuna mini wani tudu can a tsallake. Na dube shi, na auna shi da idon mutumin Madina, na ce wannan ai bai fi daga Sih zuwa dutsen Uhudu ba, kafin la'asar ina can. Kada ka auna ruwa da idon tudu. Abin da ka hango kamar ka jefa masa dutse, sai ka yini kana nufarsa yana ja da baya. Kuma wannan ma ba shi ne tsibirin Basri ba, mashigarsa ce kawai.

A tashar an ce babban jirgin ruwa zai tashi da hantsi. Hantsi ya yi, na tsaya a bakin gada da kwalina a kafaɗa kamar soja. Rana ta take, ina tsaye. Mutane kuwa suna zaune a inuwa, wasu na barci, wasu na ɓare gyaɗa. Na fara faɗa da Larabci, na koma Hausa, na nuna agogo. Sai wata mata mai soya ayaba ta ɗago ta ce da ni, da Larabcin Jidda tsantsa, "Ya ammi, zauna, ka ba mu ciwon kai." Na kusa yar da kwalin. Ashe ta yi aiki a Jidda shekaru. Na ce, "Yaushe jirgi zai tashi?" Ta ce, "In teku ya yarda." Na ce, "To agogo fa?" Ta ce, "Ka kai wa teku agogon ka gani ko ya iya karatu." Sannan ta miƙo mini ayaba a ganye ta ce, "Ka ga tsofaffin matan can masu kwanduna? In sun miƙe, ka miƙe. In suna zaune, ka huta."

Wannan ita ce shawarar da ta fi kowace amfani a duk tafiyar. Na ga yadda ka jera kwanakinku a jawwal, kowace rana da abinta, ba inda za a cusa allura. A filin jirgin da kake aiki haka ake yi, na sani, kuma daidai ne a can. Amma ƙasar ruwa tana son kwana na banza a gaba, kwana na banza a baya. Kada ka sa ranar tsallakowa daga ƙaramin tsibiri ta manne da ranar jirginku na dawowa. In iska ta tashi, ko sarki ne sai ya jira. Kuma jiran ba asara ba ne. A wannan tashar na fara shan ruwan ɗanyar kwakwa, na ga kifi mai launin shuɗi da rawaya yana yawo a ƙarƙashin gada, na yi ta tasbihi ni kaɗai.

Da tsofaffin suka miƙe, maimakon in bi su, sai na ce bari in cika cikina tukuna, tafiyar ruwa ba a san ƙarshenta ba. Na sayi shinkafa da kifi da mai, na ga wani jan abu a gefe, mai abincin ya ɗaga hannu yana gargaɗina. Na ce a raina, ni da aka yaye da yajin Hausa za a tsorata da barkono? Na kwashe shi duka. Kada ka yi. Barkononsu ba ya gaisawa, shigowa yake kawai. Na shiga jirgi ina hawaye, na nemi can ƙasa kusa da inji na kwanta, don kada in ga ruwan. Ka san kakanka sau ɗaya ya hau ruwa, daga Sudan zuwa Jidda, ya rantse ba zai ƙara ba, kuma da wannan ya zauna a Hijaz. To a cikin wannan jirgi na gane rantsuwarsa. Duk abin da na ci na mayar wa teku da kayansa. Wani dattijo ne ya ja ni sama inda iska take, ya ba ni citta in tauna, ya nuna mini can inda ruwa ya haɗu da sama ya ce in kafe idona a wurin. Cikina ya kwanta. Saboda haka ku ci kaɗan kafin ku hau, ku zauna a sarari wajen tsakiyar jirgi, ku riƙe citta. Uwarka ta sa muku a aljihun gefe na shantar Huda. In sun ba ku rigar nan mai hana nutsewa, ka sa, ba ragwanta ba ce. In kuma ka ga an cika kwale-kwale har bakinsa na shan ruwa, ka bar shi ya tafi, wani zai zo.

Da muka sauka aka ce ƙananan kwale-kwale masu zuwa tsibirin Basri suna can bayan gari, sai da babur. Na hau bayan wani da farar jallabiyata, wadda uwarka ta goge don ranar haɗuwa, kwali a cinyata. Ba mu yi nisa ba ƙafar babur ta kama gefenta, na ji ƙyat, ta tsage tun daga ƙasa har cinya. Ka ajiye jallabiya a shanta sai ranar Juma'a. A hanya ka sa wando.

Yanzu ga babbar. Na isa bakin ruwa na tarar ba ruwa. Wallahi, Yasir. Kwale-kwale suna kwance a kan yashi, a karkace kamar raƙuma sun gaji, teku kuwa ya ja can nesa yana ƙyalli. Na ce ikon Allah, ashe su ma fari yana samunsu. Ba wanda ya taɓa gaya mini teku yana fita yawo ya dawo, sau biyu ma a yini. A ina zan sani? Rijiyar lambunmu inda na bar ta da safe nan nake samunta da yamma. Na ga fili shimfiɗaɗɗe mai tsabta, na taka can ciki kusa da kwale-kwalen don in riga kowa shiga, na ajiye kwalin dabino da takalmana a kan yashi. Masunta suna gyaran raga a tudu, suna ta yafito ni, suna nuna kwalin. Na ɗauka so suke su ɗaukar mini kaya in biya, na girgiza kai. Na koma gindin wata kwakwa in ɗan miƙe ƙafa, idona yana kan kayana. Iska mai daɗi, jikin da ya sha jirgi, sai gyangyaɗi.

Ihu ne ya tashe ni. Na buɗe ido, filin nan babu shi, kwale-kwale duk sun miƙe suna rawa, kwalina yana tafiya a kan ruwa a hankali kamar mai zuwa ɗaurin aure. Na ruga ina kururuwa, "Tamar Madina! Madina!" Kalmar nan ta ƙarshe ita suka ji. Masunta suka zubar da raga suka faɗa ruwa gaba ɗaya, har da wani mai furfura, suka fito da kwalin a bisa kawunansu yana ɗiga. Takalmana kuwa har yau suna can suna yawon duniya. Ka naɗe kwalinka da leda biyu, ka ɗora a cinyarka, kuma duk inda ka ga 'yan gari ba su ajiye kayansu ba, kai ma kada ka ajiye. In sun yafito ka, ka je ka ji. Ba kowane mai kiranka ne yake son aljihunka ba.

Haka na isa tsibirin Hajji Basri: ba takalmi, riga a tsage, jiƙe sharkaf, da kwali yana zubar da ruwan gishiri. Masuntan nan suka raka ni har gida, yara na bin mu. Yana saman kwakwa a ƙofar gidansa, ya leƙo, ya daɗe yana kallona. Sai ya ce, "Bakur? Iyo ka yi daga Jidda?" Ya sulalo ƙasa, ya rungume ni, muna dariya muna kuka. Na so in ga bakinsa ya buɗe, na kuwa gani, amma ba irin buɗewar da na shirya ba.

Ya shiga ɗaki ya fito mini da zani mai gidaje-gidaje, irin wanda mazansu ke ɗaurawa. Na ce, "Haba Basri, zani? Ni ɗan Malam Idi? A gidanmu mata ke ɗaura wannan." Ya ce, "To zauna da cinyarka a waje, surukaina na zuwa gaishe ka." Na ce ko me za a yi ba zan ɗaura ba. Ya dube ni ya ce, "Ranar Arfa me ka sa? Wando?" Na karɓa na ɗaura. Kuma ka ji gaskiya, ban taɓa sa tufa mai daɗinsa a zafi ba. Shi ne wanda kake ganina da shi a tsakar gida, wanda kuke cewa na tsofaffin Jawa, wato mutanen Indunusiya. In sun ba ka, ka karɓa da hannu biyu, ka bari su koya maka naɗin, don in ka yi irin naka zai kwance a gaban jama'a.

Magariba ta yi, muka tafi masallacinsu, ɗan ƙarami na katako a kan ƙafafu, ruwa na wucewa a ƙarƙashinsa. Labari ya riga ya zaga cewa mutumin Madina ya zo, gari duka ya taru. Na shiga, na ga sahu ya fuskanci inda rana ta faɗi. Na tsaya. Na duba hannun damana, na duba na hagu, na lissafa kamar yadda na saba tun ina yaro: mafaɗar rana a dama, mahudarta a hagu, alƙibla a gaba, wato kudu. Na ja hannun Basri na ce, "Masallacinku a karkace yake." Ya ce, "Na'am?" Na ce, "Alƙibla kudu take. Ni a Madina aka haife ni, a Masallacin Annabi na koyi salla, ba wanda zai gaya mini alƙibla." Na juya kafaɗata ga jama'a na fuskanci bango na gefe. Wasu ma har sun fara gyara tsayuwa za su bi ni, don a ganinsu mutumin Madina ba ya kuskure a wannan. Ka ga inda taurin kaina ya kusa kai gari guda.

Basri bai yi gardama ba. Ya kama kafaɗuna ya kai ni taga, ya nuna jan da rana ta bari a kan ruwa ya ce, "Jirginka daga ina ya taso?" Na nuna can. Ya ce, "Makka tana kusa da gidanku ko tana kusa da gidana?" Sai ya matso kunnena ya ce, "Ka manta labarin da babanka yake ba mu a kan tabarma?"

Sai na tuna, kuma dariya ta kama ni a cikin masallaci har sai da na toshe baki. Ga labarin, ka riƙe shi, don naka ne. Kakanka ya baro ƙasar Katsina da ƙafa, yana tafiya yana tsayawa noma, shekaru yana fuskantar gabas, a salla gabas, a tafiya gabas. Da ya gama hajji ya wuce Madina, ranar farko a masauki ya shimfiɗa buzunsa ya fuskanci gabas kamar kullum. Mai gidan ya ce, "Ya hajji, ka wuce Makka, tana bayan kafaɗarka ta dama." Kakanka ya ce shi tun kakanninsa gabas ake yi, ba yau za a canza masa addini ba. Sai da aka kai shi Masallacin Annabi ya ga dubban mutane sun fuskanci kudu, sannan ya sauko. Yakan ce har ya tsufa in ya tashi cikin magagi ƙafarsa gabas take nema. Ka ga abin gado ne. Shi ya kafe a gabas, ni na kafe a kudu, alhali Ɗakin Allah yana nan inda yake, mu ne muke zagaya shi.

Na juya na shiga sahu. Suka tura ni gaba in ja salla, na ƙi, kuma wannan ƙin shi kaɗai ne na yi daidai a tafiyar. Limaminsu ya fi ni karatu nesa ba kusa ba. Kai ma za su tura ka. Za su sumbaci hannunka, za su kawo jarirai ka shafa musu kai, tsofaffi za su riƙe rigarka su ce ka kai gaisuwarsu ga Manzo. Kada kanka ya kumbura. Ba kai suke gani ba, garin da ka fito suke gani. Ka yi musu addu'a da zuciya ɗaya, da Larabci ko da Hausa, ka riƙe sunayen da za ka iya, in ka dawo ka je ka isar da saƙon kafin ka kwance shanta.

Bayan salla aka buɗe kwalin. Na so ƙasa ta tsage in shige, don na saman duk sun sha gishiri. Na ce a zubar, Basri ya ce in na ƙara faɗa zai mayar da ni teku. Ya zauna a tsakar masallaci ya raba, kowane gida da rabonsa, har masuntan da suka tsamo shi. Wata tsohuwa ta ɗanɗana ta ce ba ta taɓa sanin ajwa tana da gishiri ba. Basri ya ce mata, ko murmushi bai yi ba, "Wannan ta musamman ce, sai manyan baƙi ake kawo wa." Na ji an ce wasu sun shuka ƙwallayen a bayan gida. Sun tsiro, amma ba su taɓa haihuwa ba, ruwa ya yi musu yawa. Ka duba mini su in suna nan.

Na zauna da su har wata ya sake, kuma ban taɓa hutawa irin wannan ba. Da asuba mu bi masunta, da hantsi mu sha shayi a baranda ruwan sama na dukan rufi, da yamma gardamar hawa. Na gwada kwakwarsa da igiyata, na kai rabi na zamo, gari ya yi mini tafi. Otal ɗin da kuka kama na ga hotonsa, yana da kyau, ku more shi, ku ci kifi, ku hau duwatsun nan masu hayaƙi in ana hawa. Amma irin wannan barandar ba a kama ta da jawwal.

Yanzu ka koma kuskurena na farko. Na ce maka na tafi ban sanar ba, na sha wahala. To ni mutum ne mai ɗaukar darasi, ko da a makare. Shekaranjiya na sa uwarka ta danna mini jawwal, na aika wa Hajji Basri murya ta wayar 'yarsa. Na ce masa autana yana zuwa da amaryarsa, da kwalin ajwa busasshe. Kafin in sha shayi amsa ta dawo. Ya ce ɗansa babba zai jira ku a inda kwalta ta ƙare, lambarsa tana bayan wannan takarda. Ya ce an share ɗakin da na kwana, an sayi sabon zani, matan gida sun fara gardamar abin da za su dafa wa Huda. Ya ce an ɗaure akuya a gindin kwakwar da na zamo, kuma jikokinsa sun raɗa mata suna Inshallah, don na gaya masa amsar da ka ba ni. Sannan muryarsa ta sauka ya ce, "Bakur, idona ba ya rarrabe fuska yanzu. Ka ce masa ya matso kusa in shafa, in ji ko da hancinka ya zo."

Uwarka ta ajiye alƙalami ta ce, "Alhaji, wannan ai tarko ne ka ɗana wa yaro." Na ce tarko ne, rubuta. In ka ga dama ka yi fushi da ni a sama, kana da sa'o'i masu yawa kafin ku sauka, zai huce. Amma tsoho makaho zai sa a kai shi bakin gada duk ranar da kwale-kwale ke zuwa, kuma na san ɗan da na haifa.

In ka isa, ka gaya masa ubansa yana lafiya a Baƙi'a, kuma daga bana kai ne za ka riƙa tura ni a keken guragu zuwa can, kana koyon wurin. In magariba ta yi ka shiga sahu ba gardama, ka fuskanci inda rana take nutsewa. Makka tana gabanka, mu kuma muna nan kaɗan ta hannun damanka, lokacin ko la'asar ba mu yi ba. Kakanka ya yi gabas, ni na yi kudu, kai ka cika mana yamma.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya kwantar muku da teku, Ya haɗa ku da mutanen kirki a kowace tasha. Allah Ya tsare gabanku da bayanku, Ya dawo mana da ku cikin farin ciki. Na ba Allah ajiyarku, Shi da ajiya ba ta ɓata a wurinSa. Uwarka tana gaishe ku, ta ce a gaya wa Huda ta riƙe takalmanka a hannunta.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Mahaifinka,
Bakur ɗan Malam Idi,
Sih, Madina.